Tauraron ɗan'adam ko na'urorin Argo: wanne ya fi sanin halin teku?

Malam, ka tambaya ko akwai sauran amfanin zuba na'urori cikin teku tunda tauraron ɗan'adam yana hango shi daga sama. Akwai kuwa, domin ba abu ɗaya suke gani ba.

Tauraro gwanin faɗi ne. Tun 1992, da Amurka da Faransa suka harba tauraron TOPEX/Poseidon, ake auna tudun ruwan teku da na'urar rada: tauraron yana aika sigina daga nisan kilomita 1,336, ya lissafa lokacin da ta ɗauka kafin ta dawo. Cikin kwana 10 ya gama zagaye yawancin tekunan duniya. Taurarin Jason suka gaje shi, sai Sentinel-6 a 2020, kuma da wannan awo da bai yanke ba aka gano ruwan teku ya hau da kimanin santimita 10 tun 1993. Jiragen ruwa ko nawa ne ba za su iya wannan aiki ba.

Amma idan aka zo maganar zafi, ganinsa iyakarsa fatar ruwa. Kamar mai taɓa bayan tukunya ne ya ce ya san yadda miya ta nuna. Wasu na'urorinsa ma da gajimare ya taso shi ke nan, sun makance.

Nan Argo ta shigo. Na'urori ne kusan 4,000 da aka fara bazawa wajen shekarar 2000. Kowace tana nutsewa mita 1,000 ta bi ruwa, sannan ta gangara mita 2,000, ta taso tana auna zafi da gishiri, duk kwana 10. Abin dariya, sakamakon ma ta tauraro take aiko shi. Rauninta shi ne tazara: tsakanin wata da wata ɗaruruwan kilomita ne, can ƙarƙashin mita 2,000 kuwa 'yan kaɗan ne ke kaiwa.

A ganina, mai binciken ɗumamar yanayi ba zai rabu da Argo ba, tunda kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin duniya teku ne ke shanye shi, ba kuma a fatarsa yake tsayawa ba. Mai hasashen damina a Kano ko Maraɗi kuwa ya fi buƙatar tauraro, domin zafin saman Atlantika, musamman Mashigin Gini, wato ɓangaren tekun da ke kudu da Najeriya, yana cikin abubuwan da ke juya yawan ruwan da Sahel ke samu, kuma kullum ake son sabon awonsa.