Na ɗaga EOD ɗina da roba, ga yadda muka ƙare

Duk mai hawa EOD, wato Honda Accord ɗin nan, a Kano ya san ciwon. Mota ce mai daɗin tuƙi, amma a kwance take kamar ƙadangare. Tawa ta 2004 ce, kuma layinmu a Ɗorayi idan damina ta kankama sai ka rantse rafi ne. Sau biyu aka yi min walda a salansa cikin wata ɗaya. Tudun rage gudun nan da 'yan unguwa ke zubawa da siminti kuwa, a karkace nake hawansa, ina jin ƙarfe na kartar ƙasa har cikin haƙorana.

Wani abokin aikina ya ce in sa mata roba kawai, tunda kuɗin sabbin sifirin da shokozoba ba na wasa ba ne. Na shiga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa na sayo guda huɗu, kaurin kowace ya kai yatsa biyu, irin waɗanda ake ɗorawa a saman shokozoba, tsakaninta da jikin mota. Akwai ƙanana da ake cusawa a tsakanin zoben sifirin, sun fi araha, amma mai shagon da bakinsa ya ce waɗancan sandarar da mota suke yi, kuma rami ɗaya kan iya fitar da su. Na gode masa da wannan gaskiyar. Bakaniken unguwarmu ya ɗaura min kafin la'asar.

Makonnin farko wallahi har tallar abin nake yi a majalisa. Na daina sauke uwargida a bakin titi don in rage nauyi. Ruwan Agusta ya cika layi, na ratsa ba ko gezau. Ranar kai ƙanwata ɗakin miji a Wudil, gwaggonni huɗu na ɗauka a baya, but cike da kaya, ƙasan motar bai taɓa ko'ina ba. A raina na ce araha ta yi rana.

A hanyar dawowa ne, bayan isha'i, daf da Mariri, tayar gaba ta hagu ta yi bindiga. Allah ya taimaka ba gudu nake ba, don dama tun da aka ɗaga ta nake jin tana ɗan rangaji a kwana. Sitiyari ya fizge, na daɗe ina kokawa da shi kafin na samu gefen titi, gwaggo babba sai salati take. Tayar nan ba ta cika wata biyar ba. Da muka lallaɓa da safaya zuwa wurin mai faci, ya haska ta da fitilar waya, ya kira ni: "Alhaji, zo ka gani." Gefen waje sabo fil, gefen ciki kuwa ya cinye har waya ta fito. Ya leƙa ta dama, ita ma ta kama hanya. Bai tambaye ni komai ba sai cewa ya yi, "An ɗaga motar nan, ba a kai ta alaimen ba ko?"

Ashe idan aka ɗaga mota, tsayuwar taya kan canza, sai ta riƙa gogar kwalta da gefe ɗaya, alaimen kuwa shi ne aikin daidaita tsayuwar. Shaf ma, wato ƙarfen da ke juya taya, yakan ƙara karkata. Washegari a gareji aka nuna min robar shaf ta yage, giris ya fantsama ko'ina, shi ne ƙas-ƙas ɗin da nake ji idan na murɗe sitiyari zan fita daga gida, ina ɗauka tsakuwa ce.

Abin da ya ƙona min rai shi ne amsar bakaniken. Na ce, "Malam, me ya hana ka gaya min a yi alaimen?" Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Ai Alhaji ba ka tambaya ba." Ni zan tambaya? Da na san aikin, da me zai kawo ni wurinka? Mutumin da shekara shida nake kai wa mota, har kayan sallah nake ba yaransa. Kuma ya fi ni sanin halin EOD da cire ƙafar gaba, amma ko duba bol-join, mahaɗin da ke riƙe ƙafar, bai yi ba da ya kwance wurin.

Da farko na yi niyyar cewa robar ba ta da laifi, tunda aikinta ta yi, salansa bai sake taɓa ƙasa ba. Amma da na haɗa kuɗin taya biyu, robar shaf, alaimen da ladan aiki, na tarar da tun farko sifirin 'yan Beljiyam masu ƙarfi na saya, da na huta. Har yanzu kuma motar ba ta zama daram a kan titin Zariya kamar da, ina wuce gudun kilomita 100 sai in ji kamar iska na ɗaukarta.

Robobin suna nan ban cire ba, don damina ba ta wuce ba. Na dai canza gareji, kuma duk Juma'a kafin in tafi masallaci sai na durƙusa na shafa cikin tayoyin gaba da hannu.