Ciwon wuya mai sauka hannu: hoton ƙashi, CT ko MRI?

Malam, ka ce ciwon wuya na sauko maka har yatsu, an yi hoton ƙashi an ce ba komai, kana tambaya ko CT zai wadatar tunda ya fi MRI araha.

Hoton ƙashi bai yi ƙarya ba, ƙashi kawai yake gani. Wuya na da ƙasusuwa 7, tsakaninsu akwai faifan guringuntsi. In ya tsage, abin cikinsa ya fito ya danne jijiya, wannan hoton ba zai nuna ba. Iyakarsa ya nuna tazarar ƙasusuwan ta ragu, ko ƙashi ya yi tsiro.

CT, wato hoton cikin jiki da kwamfuta ke haɗawa yanka-yanka, ya fi shi nesa ba kusa ba wajen karaya da tsiron ƙashi, cikin 'yan mintoci an gama. Amma faifai da laka dishi-dishi suke fitowa, ga tururin radiyeshon da ya fi na hoton ƙashi.

MRI ne na wannan aiki. Da maganaɗisu yake aiki, ba radiyeshon, kuma yana nuna faifan, da jijiyar da ya danne, da halin da laka take ciki. Za ka kwanta minti 20 zuwa 40 cikin ƙara mai yawa. Motsi ne ke ɓata shi, har haɗiyar yawu takan dusashe hoton wuya, don haka ka haɗiye lokacin da ƙarar ta tsaya. Mai na'urar bugun zuciya, ko wanda ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa, ya faɗa tun kafin a shiga. In MRI bai yiwu musu ba, akan zuba musu ruwan rini ta allura a gadon baya, sannan a yi CT.

Sai dai fa mutane da yawa MRI kan nuna musu kumburin faifai alhali lafiyarsu ƙalau. Dole hoton ya dace da ciwon. An fi samun matsalar a C6-C7 (faifan da ke tsakanin ƙashin wuya na 6 da na 7), mai taɓa yatsan tsakiya, da C5-C6 (tsakanin na 5 da na 6), mai taɓa babban yatsa da manuni. In hoto ya nuna hagu, ciwo kuwa na dama, da sauran bincike.

Galibi akan ba magani da gashin ƙashi kamar mako 6 kafin MRI, don da yawa suna lafawa. Amma in hannu na rasa ƙarfi, saka maɓalli ya gagara, tafiya ta koma tangaɗi, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, kada ka jira, ka ga likita yau.