Logisim-evolution a shagon gyara: inda ta amfane ni da inda ta tsaya

Ƴan'uwa masu gyaran kayan lantarki, da ɗaliban da ke fama da darasin lojik, ga ra'ayina kan manhajar Logisim-evolution, wadda ake zana da'irorin lojik masu aiki da 0 da 1 a gwada su a kwamfuta, bayan na daɗe ina aiki da ita a shagona nan Maradi. A ganina duk mai son sanin abin da ke gudana cikin aisi, wato ɗan ƙwayar nan mai ƙafafu da yawa da ke kan allon na'ura, ya kamata ya sa ta a kwamfutarsa.

Yawancinmu da hannu muka koyi sana'a. Ka buɗe na'ura, ka shinshina, ka nemo abin da ya ƙone, ka canza. Wannan dabara tana ci a rediyo da fanka, amma allon na'urorin yanzu sau da yawa ba abin da ya ƙone a kai, wata ƙafar aisi ce kawai take ba da 0 inda ya kamata ta ba da 1. In ba ka san me ya kamata ta bayar ba, awon mita ba zai gaya maka komai ba. Wannan giɓin ne manhajar ta cike mini.

Wani malami a Amurka, Carl Burch, shi ya fara rubuta Logisim don ɗalibansa. Da ya daina aiki a kanta a 2014, wasu manyan makarantu na Suwizalan suka ɗauka suka ci gaba da ita da sunan Logisim-evolution. Kyauta ce, kuma in an sauke ta sau ɗaya ba ta ƙara neman intanet. Ni ma ɗan yayata, wanda ke karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, shi ya kawo mini ita a filashi. Ana iya juya ta zuwa Faransanci, abin da ya sauƙaƙa wa wanda ya yi lakwal a nan. Sai dai ta kwamfuta ce, ba ta salula ba, kuma da Java take tafiya.

Abin da ya fi burge ni shi ne launin wayoyi. Ka jawo ƙofar AND ko OR, wato ƙaramar da'ira da ke duba mashiganta ta fitar da 0 ko 1, ka ajiye, ka haɗa mata waya, ka ɗauki ɗan hannun nan da ke sama ka taɓa mashiga. Wayar da ke ɗauke da 1 sai ta yi kore mai haske, mai 0 kore mai duhu. Shuɗi na nufin ba a san abin da ke kanta ba, ja kuma rikici ne, kamar an haɗa 0 da 1 a waya guda. Da idonka kake bin sigina daga ƙofa zuwa ƙofa. Kuma wallahi abin ba baƙo ba ne gare mu. Makunni biyu a jere, sai an kunna duka fitila ta kama, wannan AND ce. In aka sa su gefe da gefe, kowanne ya isa, OR ke nan. Fitilar zaure da ake kunnawa daga ƙofar waje a kashe daga ciki, aikin XOR take yi. George Boole ya tsara lissafin a 1854, Claude Shannon kuma ya nuna a 1937 cewa ana iya gina shi da rile, makunnin da lantarki ke kunnawa, irin wanda muke canzawa kullum a cikin istabilaiza.

Inda na tabbatar da amfaninta shi ne aikin wani Alhaji mai rijiyar burtsatse da tankin ruwa a sama. Yana son famfo ya tashi da kansa in ruwa ya sauka ƙasa, ya tsaya in tanki ya cika. Da makunni ɗaya famfon zai riƙa tashi yana mutuwa duk lokacin da aka ɗebi bokiti guda, har inji ya lalace. Ana bukatar makunni biyu masu shawagi, na ƙasa da na sama, sannan da'irar ta tuna abin da take yi yayin da ruwa ke tsakani. To ta yaya ƙarfe zai tuna? Ƙofofin NAND biyu ne kawai (NAND ita ce AND da aka juya amsarta), mafitar kowacce ta koma mashigar ɗayar. Ruwa ya bar makunnin ƙasa, mafita ta zama 1, famfo ya tashi. Ruwa ya hau ya wuce wurin, amma da'irar tana riƙe da 1 ɗinta har sai na sama ya ba da umarnin tsayawa. Ɗan yayata ya ce mini, "Kawu, wannan ita ce baskul da muke zanawa a aji, kuma daga irinta ake gina ma'ajiyar kwamfuta." Na daɗe ina taɓa mashigan nan biyu ina kallon koren yana tsayawa inda aka bar shi. Manhajar ta kuma nuna mini abin da zai faru in makunnin ƙasa ya maƙale alhali tanki ya cika: mafita biyun duk su zama 1, famfo ya ci gaba da zuba. Saboda haka na ƙara ƙofa ɗaya don umarnin tsayawa ya rinjayi na tashi, tun kafin in sayi ko waya.

Akwai sashen da za ka cika jadawalin gaskiya, wato jerin abin da mafita za ta bayar a kowane haɗin mashigai, ita kuma ta fitar maka da taswirar Karnaugh, dabarar rage lissafin lojik da aka fito da ita a 1953, har ta zana da'irar gaba ɗaya. Yana aiki sosai, amma ina roƙon ɗalibai su yi hattara. Mashiga huɗu layi 16 ne kacal. Ka rubuta su a takarda, ka rage lissafin da kanka, sannan ka gwada da nata. Wanda ya fara da danna maɓallin zai samu zane mai kyau, ranar jarrabawa ko gaban allon da ya lalace kuwa ba zai iya bayanin ƙofa ɗaya ba.

Iyakarta kuma a fili take: 0 da 1 ta sani, ba ta san bolt ba. Da na koma kan allon gwaji mai ramuka da aisi 74HC00, mai ƙofofin NAND huɗu da ƙafa 14, akwai abubuwan da ba ta taɓa ambata ba. Dole ƙafa ta 14 ta samu wuta, kamar bolt 5, ta 7 ta tafi ƙasa, wato bolt 0. Mashigar da aka bari ba a haɗa ta da komai ba, a irin wannan aisi tana iya canzawa ko da hannu ka kawo kusa, don haka a ɗaure ta da wuta ko da ƙasa. Ana sa ƙaramar kondansa ta nanofarad 100 dab da ƙafafun wuta. Makunni na gaske yana rawa kafin ya zauna, mai ƙirga sai ya ƙirga dannawa ɗaya sau da dama. Kuma aisi ba ya jan rile kai tsaye, sai da taransista da diyod a gefen nadin. Ga zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu da ke shiga ramukan allo, waɗanda ba su cikin kowace kwamfuta. Ba laifinta ba ne, ba don haka aka yi ta ba, amma mai koyo ya sani.

Sashenta na TTL, wani dangin aisin lojik, yana rage wannan rata, don a can aisi irin su 7400 da 7408 da 7432 da 7486 suna fitowa da ƙafafunsu yadda suke a hannu. Yana da amfani ƙwarai a nan, inda sau da yawa sai an yi saƙon kayan daga Kano; gara ka san lambar da kake so da adadinta kafin ka ba direba kuɗi.

Yaran shagona yanzu da ita suke farawa: ƙofofi, sai mai tara lamba biyu da XOR da AND, sai baskul. Wanda ya gina nasa ya yi mini bayaninsa baki da baki, shi nake ba aisi da allon gwaji ya haɗa na gaske.