Kwana biyar na formasiyon kariya daga reyon a Yamai: ko kuɗin sun hau?

Shekara tara ke nan ina ɗaukar radiyo, wato hoton cikin jiki da hasken reyon X, a wata kilinik nan Tawa, kuma walle sai watan jiya na zauna aka koya mini kare kaina yadda ya kamata tun bayan barin lakkol. Wani kabine mai zaman kansa ne ya shirya a Yamai, kwana biyar, jika 150 kowane mutum, patron ya biya rabi na biya rabi, kuɗin kar ta Konni da Dutsi da Dosso kuma daga aljihuna.

Malamin dai ya iya, wannan ba gardama. Dattijo ne, ba ya son yawan surutu a allo. Ranar farko ya rubuta mana lambobi uku ya ce ko barci muke a tashe mu mu faɗe su: ma'aikaci kada ya wuce milisivat 20 (ma'aunin reyon da jiki ya sha ke nan) a shekara in an raba kan shekara biyar, kada kuma ya wuce 50 a shekara guda, sauran jama'a kuwa milisivat 1 ne kacal. Daga nan sai ya fiddo radiyametir, na'urar auna ƙarfin reyon, da wani ɗan ƙaramin surs na gwaji mai fitar da reyon, ya ce in tsaya mita ɗaya in karanta, na karanta, ya ce ja baya zuwa mita biyu, sai ga lamba ta faɗi kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Na san wannan ƙa'idar a takarda tun ina ɗalibi amma ganin lambar tana sauka a hannuna wani abu ne daban, ni da nake tsayawa kusa da tebur ina riƙe yaro mai kuka don hoto ya fito da kyau. Ya ce wannan aikin na uwar yaron ne ko babansa, a sa musu rigar darma su riƙe, su sau ɗaya za su sha, kai kuwa kullum.

Inda kunya ta kama ni shi ne maganar rigar darmar. An kai mu wani ɗakin radiyo, ya ɗauko tsohuwar tabliye, wato rigar darmar, da aka saba ninkewa, ya shimfiɗa ya ɗauki hotonta kamar majinyaci. Kai jama'a, tsaga ce layi-layi daidai inda ake ninkewa, daga waje kuwa lafiya lau kake ganinta. Tamu a kilinik ninke take bisa kujera tun zuwana, har zama ake a kanta in ana shan shayi. Dozimetir ma haka, ɗan abin da ake maƙalawa a riga don auna reyon da mutum ya sha, nawa yakan kwana rataye cikin ɗakin ɗaukar hoto, wani lokaci mako guda yana cikin tiruwar, ke nan abin da ake aunowa ba ni ba ne, ƙusa ce ko tiruwar.

Wata abokiyar aiki daga Maraɗi ta yi tambaya kan juna biyu, ya ce da ta sani ta faɗa wa shugabanta, don ɗan da ke ciki ana lissafa shi kamar sauran jama'a ne, milisivat 1. Ya kuma ba mu labarin Goyaniya a Birazil a 1987, yadda masu tsintar ƙarfe suka fasa injin asibiti da aka watsar mai sezyom 137 a ciki, sinadari mai fitar da reyon, mutum huɗu suka mutu. Ajin ya yi tsit, don kowa ya san yadda ƴan gwangwan ke yi da tsofaffin kaya a garuruwanmu.

To ga inda ban ji daɗi ba. Rabin takardun da suka raba mana na Faransa ne, dokar can, PCR ɗin can, wato jami'in kariya daga reyon a wurin aiki, mai sabunta takarda duk shekara biyar, alhali mu hukumar ARSN ce ke kula da harkar a Nijar, kuma abin da ya shafi neman izini wajenta minti ashirin aka yi aka wuce. Mutum biyu da suka zo daga Arlit sun ta tambaya kan iskar radon da ƙurar yuraniyom, aka ce lokaci ya ƙure, na tausaya musu don su ba radiyo suke ɗauka ba. Rana ta uku wuta ta tafi, gurup ya ƙi tashi, muka yi awa biyu muna fifita da kaye. Abinci ba laifi, shinkafa da miya kullum.

Sai takardar kanta. Kada wani ya ruɗe ku, atestasiyo ce ta halarta, ba ta mai da kai ƙwararre. Mai son babban karatu akwai wanda AIEA, hukumar makamashin nukiliya ta duniya, ke shiryawa a Rabat ta Maroko da Faransanci, wata da watanni ake yi, kuma ta hannun hukuma ake nema. Tawa atestasiyon ma sai da na yi sati uku ina kira a WhatsApp kafin a sako mini ita a kar, an kuma rubuta sunana da kuskure.

In maki ne, bakwai bisa goma, shida da rabi na malamin ne. Na dawo na sa kafinta ya buga mana maratayi a bango, na ɗauki hoton tabliyenmu guda biyu, ɗaya ta tsage wajen ciki. Na nuna wa patron hoton, ya kalla ya kalla ya ce nawa ne sabuwa.