Bikin Bakatue na Elmina da Kwale-kwalen da Ya Ɓata Mana Rana

Tun daga Kumasi muka taso, ni da ƙanena, domin halartar bikin Bakatue da mutanen garin Elmina na ƙasar Gana suke yi a ranar Talatar farko ta watan Yuli kowace shekara. Babban abin da ya kai ni shi ne in ga da idona yadda ake jefa taru sau 3 a tafkin Benya, wanda da shi ake ɗage haramcin kamun kifi na makonni 6 da ake sanyawa kafin bikin. Ban gani ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Da hantsi wani matashi ya tare mu a bakin gada, ya ce zai sa mu a kwale-kwale mu 8 kacal, ya kai mu daf da inda za a jefa tarun. Muka biya shi nan take, kuɗin da waɗanda suka san wurin za su ce ya wuce kima. Da lokaci ya yi sai ya ɗura mu fiye da 20, babu ko rigar kariya ɗaya, ruwa yana taɓa bakin katako, wata mata tana rungume da jaririnta tana salati. Kafin mu yi nisa injin ya mutu, muka maƙale a bayan manyan jiragen masunta da aka ɗaure, ba ma hangen komai sai tutoci da igiyoyi. Daga can muka ji bindigogin ƙungiyoyin Asafo, wato dakarun gargajiya na garin, suna tashi, jama'a suka ɓarke da sowa, muka gane an gama abin da muka zo dominsa.

Gaskiya garin kansa bai rage mu da komai ba. Matan da suka sha adon kente, saƙaƙƙen tufafin gargajiya na Gana, suna waƙa a cikin jirage sun ƙayatar, haka ma jerin gwanon sarakuna a ƙarƙashin manyan lemomi, ga farar ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482 tana tsaye a bakin teku. Wata dattijuwa mai sayar da banda ta ga yadda muka fito a jiƙe, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Sannu, 'ya'yana, ku zauna," ta kawo mana dokunu, wato tuwon ƙullun masara mai tsami, da miyar yaji da ake kira shito da kifi mai ƙamshin hayaƙi, ta ƙara mana biyu gyara. A wannan zaman har na ce wa ƙanena tafiyar ta biya kuɗinta.

Amma da muka koma neman matashin sai ɓacin ran ya dawo sabo. Ya ce injin ba laifinsa ba ne, ya ƙi mayar da ko kwabo, alhali da bakinsa ya yi mana alkawarin mutum 8. Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne, ran jaririn nan ne da aka yi wasa da shi a kan ruwa.

In Allah ya kai mu baɗi zan koma, amma ƙafata ba za ta sake taka kwale-kwalen haya ba. A bakin tafkin zan kama wuri tun da sassafe, kusa da gada.