Tubali ko bulo: da wanne za a gina zauren taro a gefen lambu?

Tun da aka fara maganar gina zauren taron unguwa a gefen lambun shaƙatawa nan Katsina, kullum sai an tare ni: "Malam, ginin ƙasa ko na bulo?"

A kuɗi, tubali ƙasa ce da ruwa da ciyawa, bulo kuwa farashin siminti ke juya shi. Sai dai a ginin ƙasa, azarar giginya ta yi wuya, maginan da suka iya ɗaurin guga, wato rufin soro mai lanƙwasa, ma sun ragu, kuma ladansu ba arha.

Wajen zafi ne ginin ƙasa ya yi fintinkau. Katanga mai kauri tana shanye zafin rana, sai dare ta sake shi. Shiga tsohon soro a watan Afrilu, ƙarfe biyu na rana, ka ji sanyi har tafin ƙafa. A ɗakin bulo mai rufin kwano kuwa, da an ɗauke wuta fanka ta tsaya, taro ya koma gindin darbejiya.

Ruwa ne abokin gabar ƙasa, lambu kuwa kullum ban ruwa ake yi. Danshi na cin gindin katanga, don haka sai da harsashin dutse, da indararo mai tsawo, da yaɓen makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, kafin damina. Hasumiyar Gobarau ta yi ƙarnuka a tsaye, amma ai ana gyara ta. Bulo ya fi jure sakaci, ga saurin gamawa.

Unguwar da ke da magini a kusa da matasa masu fitowa aikin gayya, tubali ya dace da ita. Wadda ta san da an buɗe zauren ba mai waiwayarsa, ta sayi bulo, ta ɗaga rufi, ta yawaita tagogi.