Tsohuwar Akori-Kura: Wacce Ta Dace da Mai Gyara a Gida?

Mai neman tsohuwar mota ƙirar akori-kura domin ya farfaɗo da ita da hannunsa yakan fara da tambayar ko injin yana tashi, alhali wannan tambaya a ƙarshe ya kamata ta zo. Inji abu ne da ake kwance shi da sifana, a sauke shi, a gyara ko a ɗora wani a madadinsa. Tsatsar da ta ci shasi da ƙasan ɗakin direba kuwa ba ta jin magani sai yanka da walda, aikin da ke cin watanni kuma yake buƙatar gwanintar da yawancin masu gyara a gida ba su da ita. Saboda haka, idan aka ajiye maka motoci biyu, ɗaya injinta ya mutu amma ƙarfenta lafiya lau, ɗaya tana tafiya amma ƙasanta ya ruɓe, ta farkon ce abin saye.

Duba tsatsa yana da wuraren da aka san shi da su. A ɗaga shimfiɗar da ke ƙarƙashin ƙafar direba, a duba kusurwoyin baya na ɗakin direba inda laka ke taruwa, da dogarin da ke ƙasan ƙofa, da wuraren da aka ɗaure ɗakin a kan shasi. Sannan a shiga ƙarƙashin motar da tocila da sukundireba, a riƙa caka shasin, musamman inda sifirin na baya yake rataye. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara, wanda ya ruɓe kuwa sai ka ji ya yi dum, ɓawonsa na zubo maka a fuska. Sabon fenti ma abin tuhuma ne, domin sau da yawa an lulluɓe ramuka ne da fila, wato ƙullun da ake cike ramin jikin mota da shi kafin fenti. A naɗe ƙaramin maganaɗisu a ƙyalle a bi jikin motar da shi. Duk inda ya ƙi kamawa, akwai abin da aka ɓoye. Ƙofar da ba ta rufuwa sai an ɗaga ta na iya zama alamar ɗakin ya fara zaunawa.

Daga nan sai batun ƙira. A cikin motocin Amurka, Chevrolet C10 ita ce mafi sauƙi ga wanda bai taɓa irin wannan aiki ba. Jerin C/K, wanda C10 take cikinsa, ya fara fitowa a 1960, harafin C na nufin mai jan ƙafa biyu, K kuma mai jan ƙafa huɗu. Masu sha'awa sun fi rububin samfurin 1967 zuwa 1972, wanda hakan ya sa kuɗinsa ya haura, amma na 1973 zuwa 1987 mai jiki murabba'i ya fi yawa, ya fi faɗin ciki, kuma yawanci ya fi sauƙin samu. Babbar fa'idar su duka biyun ita ce har yau ana ƙera sababbin sassan jikinsu, daga daɓen ɗakin direba har robar gilashi, kuma injin V8 na Chevrolet mai lita 5.7 yana cikin injunan da kayan gyaransu suka fi wadata a duniya. Wanda ya samu na 1971 ko 1972 ya huta da aiki guda, domin daga 1971 aka fara sa musu burkin faifai a gaba. Sai dai kowanne yana da matsalar tankin mai: a samfuran da suka zo kafin 1973 tankin yana cikin ɗakin direba ne, a bayan kujera, a na 1973 zuwa 1987 kuma yana gefe, a wajen shasi, tsarin da ya jawo doguwar taƙaddama a Amurka kan haɗarin gobara idan aka bugi motar ta gefe. Da yawa daga masu gyara sukan mayar da tankin ƙarƙashin bodin baya, tsakanin ƙarafan shasi.

Ford F-100, wadda aka sayar a Amurka daga 1953 zuwa 1983, ita ce babbar kishiyarta. Abin da ya fi jan hankali gare ta shi ne injin nan mai silinda shida a jere, mai lita 4.9, wanda ya fito a 1965 aka ci gaba da sa shi a motoci har 1996. Ba shi da gudu, amma yana da ƙarfin ja tun daga ƙasa, kuma haƙoran giya ne ke juya kamshaf ɗinsa (sandar da ke buɗe bawul-bawul ɗin inji), babu sarƙa balle bel da zai tsinke. Ga wanda yake son mota ta aiki, mai ɗaukar kaya, da wuya a samu wanda ya fi shi. Inda Ford ke ba da wahala shi ne wajen sauya tsayinta. Ƙafar gaba ta Twin I-Beam da aka shigo da ita a 1965 tana da juriya a hanya mai gargada, amma da zarar an rage tsayin motar sai tayoyin gaba su karkace su riƙa cinyewa ta gefe ɗaya, kuma gyaran hakan sai an sayi wasu ƙarafan na musamman. C10 ba ta da wannan taurin kai, shi ya sa masu son motar da ta kwanta ƙasa suka fi karkata gare ta.

Waɗanda suka girmi waɗannan, irin su Chevrolet 3100 ta 1947 zuwa 1955 da Ford F-1 ta 1948, sun fi kowa kyan gani, amma sun fi kowa nisa da hanyar zamani. Wutarsu mai ƙarfin volt 6 ce, burkin ganga ne a ƙafafu huɗu, sitiyarinsu da nauyi, giyarsu kuma an tsara ta ne don gona da ɗaukar kaya, ba don babbar hanya ba. Wanda ya saye su da niyyar hawa kullum, a zahiri ya sayi jiki ne kawai, sauran duk sai ya sauya.

Ta ɓangaren Japan akwai Toyota Hilux, wadda ta fara fitowa a 1968, da Datsun 620 ta 1972 zuwa 1979. Ƙanana ne, ba su shan mai sosai, kuma mutum ɗaya zai iya sarrafa yawancin sassansu a ɗan ƙaramin fili. Injin Toyota 22R mai lita 2.4 ya yi suna wajen daɗewa, ko da yake a samfuransa na baya-baya robar da ke saita sarƙar taimin takan karye, sarƙar ta riƙa goga murfin har ta huda shi. Ƙarar kacau-kacau daga gaban inji lokacin tayarwa ita ce alamar. Rauninsu shi ne ƙarfen jikinsu siriri ne, tsatsa na cin sa da wuri, kuma sababbin sassan jiki ba su kai na C10 yawa ba. Akwai kuma bambancin kayan aiki: notocin tsofaffin motocin Amurka a ma'aunin inci suke, na Japan a milimita.

Halin da motar take ciki ma zaɓi ne. Wadda take tafiya ta fi, domin ana iya gyara ta kaɗan-kaɗan ana hawa, kuma hawan ne ke hana zuciya karaya. Wadda ta shekara da shekaru a ajiye tana buƙatar sabon tiyon burki, wankin tanki da kafireta, da duba wayarin, amma aƙalla komai yana mazauninsa. Wadda ta fi haɗari ita ce wadda wani ya kwance ya gaji, ya zuba sassanta a kwalaye, domin araharta kamar sayen kifi a ruwa ce: ba za ka san abin da ya ɓace ba sai ranar da ka zo ɗaurawa, kuma ƙananan maƙalai da sukurorin da ba a sayarwa su ne suka fi ɓata.

A yanke shawara tun kafin biyan kuɗi kan ko za a mayar da motar yadda ta fito daga masana'anta ko za a sauya ta. Motar da injinta na asali da kujerunta da agogunanta suke nan, asara ce a yayyanka ta. Ita ta dace da maidowa. Wadda kuma aka riga aka sauya mata inji ita ce ta dace da mai son ɗora injin zamani, irin jerin LS na General Motors da ya fara fitowa a 1997. A ra'ayina, kowace hanya aka bi, burki ne farko. Motocin da suka girmi ƙarshen shekarun 1960 galibi famfon burkinsu mai layi ɗaya ne, wanda idan tiyo guda ya fashe, duk ƙafafun huɗu sun rasa burki, don haka sauya shi da mai layi biyu ya riga ƙarin ƙarfin inji.

Takardu su ma a duba su da idon basira. Lambar da ke jikin shasi da wadda ke kan farantin ɗakin direba dole su yi daidai da ta takardar mallaka, kasancewar a tsofaffin akori-kura ba abin mamaki ba ne a tarar an ɗora ɗakin wata a kan shasin wata. Dokokin sauya inji da na hayaƙi sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka a tambayi hukumar rajistar motoci kafin a sayi injin da za a ɗora.